Ƙusa da Ɗakin Ƙarshen Waya

Faɗan da na yi da Ƙusa a kan waya ne, kuma da rana tsaka aka yi shi, maƙwabta suna ji. Ina ɗakina ina kallon wasan da ake sawa bayan azahar, an zo daidai inda matar za ta buɗe ƙofa ta ga mai ƙwanƙwasawa, sai fuskar talabijin ta koma shuɗiya wayam. Na ɗaga kai, fanka tana juyawa, ke nan ba wuta aka ɗauke ba. Na lallaɓa gwiwoyina na fito baranda. Ga ta nan tsaye a kan kujerar kitsonta, tsinken tsagar kai soke a ɗankwali, bakin wayar ɗakina a hannunta kamar ta kamo ɓera ta wutsiya.

Ban rage mata komai ba. Na tambaye ta ko da gadonta aka sayi talabijin ɗin. Na ce tun ba a san za a haife ta ba nake shan iska a barandar nan, kuma mai kitso ta tsaya a kawunan mata, bango ba ya buƙatar tsaga. Har na haɗa da danginta da ba su ji ba ba su gani ba.

Ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Gwaggo, ki ɗan ba ni numfashi, yanzu zan mayar miki da abinki." Sai ta ɗaga murya zuwa ƙarshen baranda. "Baban yara, hoton ya zauna?"

Daga ɗakin ƙarshe aka buga cokali a ƙarfen gado, bugu ɗaya. A yaren da suka ƙirƙira ita da mijinta tun da harshensa ya yi nauyi, ɗaya a'a ne, biyu e. Ta mayar da wayata ta murɗa, ta sauko ta ɗauki kujerarta, ta ce kamar da kanta take, ashe ba laifin Gwaggo ba ne. Wannan ya fi cire wayar ƙona min rai, don ban ma san ana tuhumata ba sai da aka wanke ni. Na yi kwanaki ban amsa gaisuwarta ba, ita kuwa ba ta fasa yi ba.

Matar ɗan wana ce, kuma ni na laƙaba mata sunan nan tun tana amarya. Farkon zuwanta ta ga randar ruwa ta tare hanyar kicin, ta ce a matsar da ita. Aka ce mata nan take tun kafin a haifi mijinta. Ba ta yi musu ba. Amma kullum in ta zo shara sai ta ɗan tura ta da gwiwa, kafin shekara ta zagayo randa ta koma kusurwa, ba wanda zai iya faɗin ranar da ta tashi. Tun daga nan na ce wannan ƙusa ce, inda ta kafe sai dai a rataya mata kaya.

'Yar siririya ce marar yawan magana, sana'arta kitso. Mata suna cewa tana da nawa, don ba ta kama gashi sai ta tsaga kan gaba ɗaya, ta ja da baya ta dube shi. In layi ɗaya ya fi 'yan'uwansa kauri sai ta warware, ko da mai kan tana rantsuwa ya yi mata haka. Suna mita, amma suna dawowa. Da kitson nan ta taya mijinta riƙe gida har 'ya'yansu suka girma suka watse, kowa da nasa hidimar a wani gari.

Shi kuwa mijin, Mai Eriya ake ce masa a duk layin. In mutum ya tsaya bakin titi ya ɗaga kai, yawancin ƙarafan da ke tsaye a kan rufin mutane kamar ƙayar kifi, hannunsa ne ya ɗaura su. Ga surutu ga tsokana, yana kan kwano yana tambayar masu wucewa ina za su da wannan saurin. Ba ya barin gidan mutum hoto yana rawa, ko zai hau ya sauka har ƙafarsa ta yi sanyi. Gidan ubansa ne kaɗai, wanda muke ciki, ya yi wa aikin jeka-na-yi-ka, yana cewa zai gyara in ya samu sarari.

Gidan doguwar baranda ce, ɗakuna a jere. Eriya guda ce a kan rufi ta gaba, wayarta ta sauka kai tsaye falon wansa, Yaya Babba, don shi ne babba kuma shi ya fara sayen talabijin. Da ɗana ya aiko min da tawa, Mai Eriya ya yanka wayar a bayan falon ya sa ɗan ƙarfen nan na raba layi wanda yake kira mai ƙafa biyu, ƙafa ɗaya ta shiga falo, ɗaya ta taho wajena. Da aka ba wani direba hayar ɗakin da ke bin nawa, aka sake yanka tawa aka sa wani mai ƙafa biyun. Haka waya ta bi girma a gidan: babba ya ɗauki rabi, mai bi masa ya ɗauki rabin abin da ya rage. Mai Eriya shi kansa ba shi da talabijin a ɗaki. Ya ce wuni yake kallonta a gidajen mutane, in ya dawo idonsa hutu yake so.

Ciwon da safe ya same shi, yana ɗaure takalmi zai fita. Ɓarin jikinsa na dama ya tafi, harshe ya bi shi. Da aka sallamo shi daga asibiti sai aka mayar da gadonsa ɗakin ƙarshe, don shi ne kusa da banɗaki. Tagar ɗakin katangar maƙwabta take kallo. Da farko an yi ta zuwa dubiya, sannan ƙafa ta ɗauke, yadda ta saba ɗaukewa. Yaya Babba kuwa, tun ranar da ya ga ana goge wa ƙaninsa miyau bai sake taka ɗakin ba. Daga bakin falo yake ɗaga murya ya tambayi mai jiki, a ce da sauƙi, ya ce madalla, ya saki labule.

Likita ya ce a riƙa zaunar da shi ana ja masa magana, kada a bar shi kwance. Ƙusa ta gwada, shi kuwa sai ya lumshe ido. Ta shiga cikin kayan aikinsa ta zaƙulo wata talabijin da ya gyara mai ita bai dawo ba, ta goge ta ɗora masa a kan tebur. Direba ya taimaka ya sake yanka tasa wayar, ya sa mai ƙafa biyu na uku, ya harhaɗa guntayen tsohuwar waya ya murɗe da baƙin salatif har ta isa. Hoto ya zo, amma irin zuwan da gara babu. Mai labarai zai buɗe baki ya daskare, fuskarsa ta farfashe gida-gida, murya ta yi ta tsinkewa kamar mai shaƙuwa, daga nan sai shuɗi. Mai Eriya ya kalla, ya sake kallo, ya ja mayafi da hannun hagu ya juya fuska bango. Daga ranar ya fara ture kwanon abinci.

Ƙusa ta san mijinta. Ta san ba rashin kallo kaɗai ke cinsa ba. Mutumin da ya zaunar wa unguwa hoto, a ce nasa ne ke rawa a gabansa, yana ganin ciwon abin, ba shi da hannun gyarawa kuma ba shi da bakin faɗa. Ta dubi ƙeyarsa da ta fara ramewa, ta ga abu biyu ne: ko hoto ya zauna a ɗakin nan, ko bangon nan ya ƙarasa mata miji.

Ta je shagon da yake sayen kaya. Mai shagon ya jajanta mata, ya ba ta busta, ɗan akwatin da ke ƙara wa hoto ƙarfi. Ta dawo ta jona ta a bayan talabijin ɗin mijinta, don a ganinta inda ciwo yake nan ake shafa magani. Jar fitilar busta ta kama, mai labarai ya ci gaba da shaƙuwarsa. Mai Eriya ya juyo ya ga inda ta maƙala abin, ya yi wani sauti a maƙogwaro wanda ba dariya ba ne ba kuka ba. Ta tambaye shi ko bustar ce ba ta da kyau, ya girgiza kai. Ko talabijin ɗin ce, ya girgiza. Ko waya ce, ya gyaɗa, ya kuma girgiza. Nan tambayoyinta suka ƙare. Duk amsar tana cikin kansa, amma mai e da a'a ba ya buɗuwa sai ga wanda ya san abin tambaya, ita kuwa ba ta sani ba.

Sai ta tashi neman tambayoyi. Ta bi wayar da yatsa daga ɗakinsa har gaba, tana hawa kujera tana cire ta kowa tana tambaya. A nan ne muka yi wancan faɗan. Abin da ta gano shi ne, ko an cire tawa an cire ta direba, nasa ba ya ƙaruwa da komai. Mai ƙafa biyu yana yanke rabonsa ne ko akwai mai kallo ko babu.

A lokacin ta riga ta mayar da kujerar kitsonta bakin ƙofarsa, don ya riƙa jin motsin mutane. Wata rana wata mata ta zo da tsohon kitso da aka yi mata a wani wuri. Ƙusa tana tsefewa tana mita, ta ce wadda ta yi wannan ba ta tsaga kai ba, damƙa kawai ta yi ta yi, ta ɗibi mai yawa a gaba, ta ɗibi rabin saura, kafin ta kai ƙeya ba abin da ya rage sai bindin ɓera. Sai cokali ya bugu sau biyu, ya sake bugawa, ya sake. Ta saki kan matar ta shiga.

Ya ɗaga hannun hagu, ya lanƙwashe babban yatsa, ya baza sauran huɗun. Ta tsaya tana kallon hannun. Sannan ta taɓa yatsun ɗaya bayan ɗaya: falo, Gwaggo, direba, nan. Ya gyaɗa kai. Ta sa yatsa a tsakiyar tafinsa.

"Duk daga wuri guda za su tashi? Tsaga ɗaya?"

Ya gyaɗa da ƙarfi har matashi ya zame. Sai ya nuna busta da haɓa, ya juya mata wuyan hannunsa. Ta kama wuyan hannun, tana jin jijiya tana bugawa.

"A nan za ta zauna. Kafin a raba."

Ya rufe ido, ya sauke hannun a hankali. Daga waje mai kai tana tambaya ko haka za a bar ta ta koma gida kamar mahaukaciya. Ƙusa ta koma ta ƙarasa tsifar, amma hankalinta yana kan bango. Ta gane busta ba ta ƙirƙirar hoto, abin da aka ba ta take kumburawa. In an ba ta ragowar da ta ratso jone-jone, dattin take ƙarawa.

Ta auna baranda da zaren kitso, ta koma shago ta faɗi buƙatarta dalla-dalla: mai ƙafa huɗu guda, sabuwar waya mai kauri, da hulunan ƙarfe da ake murɗawa a bakin waya. Sai aka shiga makaranta. Wayar nan in an feɗe ta da reza, jan ƙarfe ne guda a tsakiya, sai farin ɓargo, sai gashi sirara a saƙe kewaye. Dole a kwantar da gashin baya tas kafin a murɗa hula, don in sili ɗaya ya taɓa na tsakiya hoto ya mutu. Ta ce ita dai yau ta samu kan da ake taje wa gashi ba ya cewa wayyo. Tana yi a kan guntaye tana miƙa wa mijinta, shi kuma yana shafawa da babban yatsa. Wanda bai yi ba sai ya sake shi ƙasa, ko kallonta ba ya yi. Ɗakin ya cika da guntayen waya. Don ya ga aikin da kyau sai da ya yarda aka jingina shi da matasai. Ita kuma ta samu abin riƙe shi: ba ta miƙa na gaba sai ya ƙarasa abin da ke cikin kwano. Ranar da ya riƙe wani bai yar ba, ya jujjuya shi ya sa a aljihun rigarsa, ta fita bakin famfo ta wanke fuska ta daɗe.

A tsakiyar baranda akwai soket ɗin da ake jona dutsen guga. A samansa ta kafa ɗan katako, ta ɗaura busta, ta ɗaura mai ƙafa huɗu a ƙarƙashinta, ta ja wayoyi huɗu a saman bango kowace zuwa ɗakinta, a miƙe kamar tsagar kai. Tsakanin kai da kai take yi, wani lokaci mai jiran kitso tana zaune ita tana kan kujera da guduma. Saura abu ɗaya: uwar wayar da ta sauko daga rufi a zare ta daga falon Yaya Babba a kawo ta tsakiya.

Yaya Babba mai sayar da tayoyi ne, mai tumbi da murya, kuma ranar ƙwallo falonsa cika yake da abokai. Ta same shi yana shan shayi, ta gaishe shi ta yi masa bayani. Ya ce wayarsa ba a taɓa ta. Shekara da shekaru hotonsa ko tari bai taɓa yi ba, yanzu a ce a jera shi sahu ɗaya da ɗan haya? Ya tambaye ta ko za ta rantse nasa ba zai ragu ba. Ita ba ta iya ƙarya ba, ta ce ba za ta rantse a kan abin da ba ta gani ba. Ya ce to magana ta ƙare. Ya ƙara da cewa marar lafiya hutu yake so ba hayaniya ba, sannan mace a kan rufin gidan ubansa, me zai ce wa mutanen layi?

Ta ce, "To, Yaya." Ta ɗauke masa kofin shayin ta fita. Wanda ya san ta ya san wannan "to" ɗin nata ba ƙarshen magana ba ne.

Ranar ƙwallo ta yi wa mijinta wanka, ta sa masa rigarsa mai kyau, ta taje masa gemu. Ta ɗora shi a keken marasa lafiya da aka ba su a asibiti, wanda tun da aka kawo shi bai wuce banɗaki ba. Ta rataya tawul a kafaɗarsa, ta sa kofinsa mai baki a cinya, ta ɗaure kwalbar fitsari a ƙarƙashin keken ta rufe da tsumma. Ta turo shi tun daga ƙarshen baranda, tayar tana kuka. Ni na ɗage mata labule, ba don mun shirya ba, sai don ba a yin irin wannan ba na wurin. Ta ratsa ƙafafun baƙi ta ajiye shi a tsakiyar falo, daidai gaban talabijin, ta taka birki.

"Yaya, na kawo maka baƙo. Tunda hoto ba ya iya zuwa wurinsa, ga shi ya zo wurin hoto. In ya buga cokali a kira ni, ina da kai a hannu."

Ta juya ta fita.

Falon ya yi tsit, sai muryar mai sharhin ƙwallo. Wani daga cikin abokan ya yi ƙarfin hali ya ce Mai Eriya ka yi ƙiba, zaman gida ya karɓe ka. Sauran suka samu bakin gaisuwa. Yaya Babba ya kafa ido a kan ƙwallo kamar shi ne alƙalin wasa. Ba shi da bakin da zai ce a fitar masa da ƙaninsa a gaban mutane, kuma ya san ta san haka. Can miyau ya fara zubo wa Mai Eriya a gefen bakin da ya mutu, yana bin gemu yana sauka a kan rigar. Kowa ya gani, kowa ya yi kamar bai gani ba. Na ce wa Yaya Babba daga bakin ƙofa, "Kai, tawul ɗin ba ya cizo." Ya harare ni, ya tashi da ƙyar, ya goge. Ya kuma goge inda babu komai.

Washegari ba ƙwallo, ta kawo shi lokacin labarai. Jibi ma haka. Ba ta sake tayar da zancen waya ba ko da wasa. In ta zo ɗaukarsa sai ta yi wa Yaya godiya har da addu'a, ta tambaye shi ko baƙon nasa ya dame shi.

Wata safiya tana shara sai ga Yaya Babba da tsani a kafaɗa, yana haki. Ya jingina shi da bango, ya yi wa iska bayani cewa shi bai yarda da komai ba, riƙe tsani kawai zai yi, kada ta faɗo a ce ya kashe matar ƙaninsa. Da ba don jiri ba da shi zai hau, kuma direba ya yi tafiya. Ta ce, "Allah ya saka, Yaya," ta jingine tsintsiya tun bai canza shawara ba.

Ta sa wandon aikin mijinta ta ɗaure ƙugun da igiya, ta rataya jakarsa. Tun kafin ranar ya nuna mata yadda ake tafiya a kan kwano, yana tattaka yatsu biyu a gefen gado: a bi layin da katako yake a ƙarƙashi, kada a taka tsakiya. Bai iya gaya mata yadda ƙasa take yin nisa in an kai sama ba. Ta durƙusa a bakin rufin har numfashinta ya dawo, sannan ta rarrafa. Rana ta fara ɗaga, kwano yana gasa mata tafi.

A gindin eriya ta tarar bakin tsohuwar wayar ya yi kore da tsatsa, da ta yanka har ruwa ya ɗigo daga ciki. Ta zauna ta maƙale bututun eriyar da ƙafa, ta feɗe sabuwa, ta kwantar da gashin sili-sili yadda ta koya, ta murɗa, ta naɗe da salatif. Ta jawo ta bisa rufin zuwa tsakiyar gida, ta sako ta, ta bar mata ɗan ciki a ƙasan ramin shiga don ruwan sama ya ɗige a waje. Ta sauko ta jona a busta, ta kunna. Aka buga cokali sau ɗaya. Ashe iska ta daɗe da karkatar da eriyar, ƙarfin da falo ke samu ne ya rufe asirin. Ta sake kama tsani.

Sai muka jeru. Ita a sama tana juya bututu, Yaya Babba a gindin tsani, ni a tsakiyar baranda, shi a ɗaki da cokalinsa. Ta tambaya, Yaya ya miƙo min, in ji bugu in mayar. Ya ce ina ƙara gishiri a saƙo, na ce in ya fi ni kunne ya zo mu yi musaya. Ita dai tana juyawa kaɗan-kaɗan tana tambaya, ana mayar mata da a'a, gumi yana shiga mata ido ba ta da hannun gogewa. Maƙwabta sun fito suna kallon mai kitso a kan rufi, wata har tana tambayarta ko yau ba aiki.

Ta sake juyawa ta tambaya. Ba bugu. Ta sake tambaya, shiru. Ta ɗauka ko zamewa ya yi daga kan matasai, ga shi ba ta isa ta saki bututun ba. Sai aka ji murya daga ɗakin ƙarshe, mai nauyi kamar ana jan buhu a ƙasa.

"Nan." Aka daɗe, sannan, "Ɗaure."

Ba sai na miƙa saƙon ba, duk baranda ta ji. Ƙusa ta ɗaure notin har sifana ta zame mata ta ƙuje yatsa. Da ta zo sauka ta tarar tsani yana lilo, don mai riƙon ya saki hannu ɗaya yana goge fuska da hula. Ta ce, "Yaya, tsani." Ya ce ƙura ce ta faɗo masa daga rufi.

Falonsa ya fara shiga. Ya daɗe yana canza tashoshi yana neman aibi, bai samu ba. Sai ya fito ya bi baranda, yana faɗa da ƙarfi cewa zai duba ko an fifita wani a kansa. Ya leƙa nawa, ya leƙa ta tagar direba, ya isa ɗakin ƙarshe ya tsaya a bakin ƙofa. Mai labarai yana magana tiryan-tiryan, bakinsa da muryarsa a tare. Mai Eriya yana zaune, bayansa a bango. Yaya Babba ya ce ai irin wannan sai an zauna an ga ko zai ɗore, ya shiga ya zauna a gefen gado. Ƙusa ta kawo abinci a kwano ɗaya da cokali biyu ta ajiye, ta je ta jiƙa tafinta a ruwan sanyi, don akwai mai jiran kitso tun hantsi.

Mai Eriya bai tashi ya yi tafiya ba, kuma maganarsa ba ta wuce 'yan kalmomi ba, yawancinsu ma na gyara ne. Amma ya daina ture kwano. Mutanen layi da suka gan ta a kan rufi suka fara kawo bakin wayoyinsu, tana yi tsakanin kai da kai, shi yana shafawa da yatsa yana yar da wanda bai yi ba. Yaya Babba ya yi ta zuwa duba hoto kullum da farko. Daga baya sai ranar da ba ƙwallo. Daga baya na ji ya fara ɗaga murya daga tsakiyar baranda yana tambayar ko hoton yana nan lafiya.

A tsakanin nan ɗana ya zo ya ce gwiwoyina sun gaji da zaman ni kaɗai, in tattara in bi shi. Ranar tafiya Ƙusa ce ta ɗauko min jaka har bakin mota. Na shiga na zauna, na sa aka sauke gilashi, na yafito ta.

"Ke Ƙusa, na ga kin naɗe keken nan kin jingine bayan ƙofa. Warware shi, ki sa wa tayar mai. Ranar da kika ga wansa ya kwana biyu bai taka ƙarshen barandar nan ba, ki wanke mijinki ki tura masa shi har tsakiyar falo, da tawul ɗinsa da kwalbarsa, ki ce ni na aiko."